Ba Ni Ce Ke Tsaye a Gonar Shinkafa Ba

Zuwa ga Mai Girma Manajan shirin kwale-kwalen 'yan mata 'yan makaranta na fadamar Haɗejiya, da injiniyoyin da suka kafa masa kyamarori a kan dogayen turaku.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku. Ya aiki, ya jama'a, ya kuma ruwan bana? Allah ya sa mu ga janyewarsa da alheri, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Falmata. Ina aji shida a makarantar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke cikin gari, ƙauyenmu kuwa yana hayin kogi, ta wajen Kirikasamma. Ni ce yarinyar da kuka cire daga kwale-kwale saboda na'urarku ta ce ba na zuwa makaranta, wai a gona nake yini. Ina neman afuwa da na rubuto a fili inda kowa zai karanta. Ba fitsara ba ce, kunya ce ma ta jawo. Na kira lambar ofishinku, da aka ɗaga aka ce wa ke magana, sai na kashe wayar. Ni ko a gida baƙo ya yi sallama, bayan ƙyaure nake komawa. Takarda ce kawai ba ta kallon mutum cikin ido, shi ya sa nake iya yi mata magana.

Bari in fara da godiya, kada a ce ban san alheri ba. Duk wanda ya san wajenmu ya san da zarar kogi ya cika ya malalo kwari, hanyarmu ta yanke ke nan sai can bayan kaka. A nan karatun yayyena mata ya tsaya: kowace shekara ruwa ya cinye musu zango guda, har suka gaji suka haƙura. Ranar da kuka kawo kwale-kwale mai inji, kuka ba kowace yarinya gurbinta da rigar ceto mai ruwan lemo, kuka kuma raba mana wayoyi masu darussa a ciki, Innarmu har guɗa ta yi. Na gode, Allah ya saka.

Ranar rabon wayoyin, a gindin tsamiyar ƙofar mai unguwa, wani injiniyanku mai farin gilashi ya yi mana bayani, kuma na saurara da kyau ko da yake kaina a sunkuye yake. Ya ce kyamarorin da ke kan turakun nan suna ganin duk abin da ke fadama, mutum ne, saniya ce ko jirgi. Ya ce ƙarafan sabis su kuma sun san inda kowace waya take. To idan kyamara ta ga wani abu a wuri, ga kuma waya a daidai wurin, suka daɗe tare ko suka motsa tare, sai na'ura ta ƙulla su, ta ce wannan abin shi ne mai wannan wayar. Amfaninsa, in ji shi, idan ruwa ya taso za a san wanda ke cikin kwari, a tura masa saƙo da sunansa ya fita. Tsofaffi suka ce madalla. Ni kuwa a raina na ce ashe ita ma na'ura halin matan unguwarmu gare ta, da ta ga biyu a tsaye wuri ɗaya ta ɗaura musu aure.

Abin da bai faɗa ba, kuma babu wanda ya faɗa daga baya, shi ne da wannan ƙullin za a riƙa auna wadda ke zuwa makaranta da wadda ba ta zuwa.

Ga yadda abin ya faru, don na san daga ofis ba a jin kukan tsuntsu.

A farkon zangon nan shinkafar Babanmu ta fitar da kai. Shi ne lokacin jan-baki. Tsuntsaye ne 'yan ƙanana da ke kwana cikin ciyawar kacalla da ta toshe bakin kogi, gari na wayewa su taso kamar hadari. Idan suka sauka a gonar mutum, kafin ya juya ya ɗauko majajjawa sun bar masa kara. Tun kakanni ana korarsu da ihu, da igiyar gwangwani, da mutum-mutumi. To tsuntsayen yanzu sun waye. Mutum-mutumi a kansa suke hutawa. Gwangwani sun saba. Kiɗa kuwa, Baba ya ce in ka sa musu har rausaya suke yi. Abu ɗaya ya rage da suke shakka, shi ne muryar mutum yana magana, maganar kuma tana hawa tana sauka kamar ta mai rai.

Wayar Baba ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar komai. Tawa ce mai ɗaukar murya. Ya ce in ara masa zuwa girbi. Ranka ya daɗe, wace 'ya ce ubanta zai ce ara mini ta ce a'a? Balle makarantarmu ta hana shiga da waya, ba ni da abin yi da ita daga safe zuwa la'asar. Baba ya kafa sanda a tsakiyar gona, ya gitta mata wata, ya ɗaura kara. Inna ta ba shi tsohon farin hijabina na ƙaramar sakandare, ta ce iska na kaɗa shi da kyau. Ya sa wayar a leda da 'yar sifika, ya rataya a cikin hijabin.

Da farko darussanku ya kunna. Kada ranku ya ɓaci, amma malamin Lissafin nan da kuka naɗo, har tsuntsu ya gane ba abin tsoro a muryarsa. Suka ci shinkafarsu yana ta bayanin kusurwa. Baba yana latse-latse don neman wani abu sai ya faɗa inda nake ajiye littattafan soyayya, irin waɗanda wata mata ke karantawa da baki. Matar nan kuwa ba daga nan ba: ta yi muryar mace, ta koma ta namiji, ta fashe da kuka, ta daka tsawa, ta yi ajiyar zuciya. Tana cewa "fita mini daga gida!" sai ka ga jan-baki sun tashi gaba ɗaya kamar an watsa musu wuta. Tun daga ranar shinkafarmu ta samu lafiya.

Ni ce ban samu ba. Maƙwabcin gonarmu, Baba Modu, ya cire nasa mutum-mutumin, wani dogo mai tsohuwar shuɗiyar riga da malafa, ya matso da shi kan iyaka wai su ci albarkacin muryar. Ba a jima ba shi ma ya matso da tabarmarsa. Wata rana da yamma Baba ya dawo, ya miƙo mini wayar in sa caji, ya yi gyaran murya, ya dubi Inna ba ni ba, ya ce, "Wai shin ɗan Alhajin nan zai dawo daga karatun kuwa, ko yarinyar mutane yake ɓata wa lokaci?" Na shige ɗaki na rufe kaina da zani. Na ɗauka iyakar kunyar da zan sha a kan wannan waya ke nan. Ashe ku ma kuna tafe da taku.

Wata Litinin da safe muna bakin ruwa muna shiga kwale-kwale, na riga na ɗaure rigar cetona, sai Antin da kuka sa tana kula da mu ta ce in dakata. Ta nuna mini hoto a kwamfutar hannunta. Ga gonarmu daga sama, ga wani farin abu a tsakiya an kewaye shi da jan zobe, ga sunana a ƙasa. Ta karanta abin da na'ura ta rubuta, da ƙarfi saboda ƙarar inji: ɗalibar ba ta zuwa makaranta, tana yini a gona, kuma tare da wani mutum da ba a gane ko wane ne ba. 'Yan mata suka kwashe da dariya har kwale-kwale ya yi tangaɗi. Malam Garba mai tuƙi ya ce, "Haba Hajiya, yarinyar nan kullum ni ke haye da ita, a gefen dama take zama tana kallon ruwa kamar an aike ta ƙirga kifi." Anti ta ce ita ma tana ganina da idonta, amma na'ura ta rufe gurbin, ofis kaɗai ke buɗewa. Na so in ce mutum-mutumi ne. Na kwance rigar na miƙa, aka ba wata ƙaramar yarinya da ta daɗe tana jiran gurbi, suka tafi suka bar ni a tsaye.

Washegari Baba ya bi jirgin fito ya je ofishinku. Ya yi bayani, ya ce in ana so zai ciro mutum-mutumin ya kawo a gani. Wanda ya saurare shi ya yi murmushi, ya ce na'ura ba ta ƙarya, kuma duk iyayen da ke tura 'ya'yansu gona irin wannan labarin suke kawowa. Babana, da ya sha surutun 'yan uwansa don ya ce sai na gama aji shida, shi aka faɗa wa haka. Ya dawo bai ci tuwo ba.

To tunda na'ura ba ta ƙarya, ina da 'yan tambayoyi gare ta, sai ku isar mata, ku da kuke jin yarenta.

Na ɗaya. A cewarta, tun hantsi har bayan la'asar ina tsaye wuri ɗaya, hannuwa a buɗe, ƙafa guda. Ban zauna ba, ban sha ruwa ba, ban yi Azahar ba, ban yi La'asar ba, ban ko sosa ƙeya ba. Tsuntsu ya sauka a kaina ya yi abin da ya kawo shi ban motsa ba. Ni da ko a layin taron safe sai na jingina da ta gabana! Ranka ya daɗe, idan kun yarda ina da wannan juriyar, ai ba cire ni daga kwale-kwale ya kamata ku yi ba, soja ya kamata ku kai ni.

Na biyu. Kullum rana ta yi sanyi Baba kan cire wayar ya sa a aljihu ya taho gida, hijabin kuwa a can yake kwana. Me na'ura take rubutawa a lokacin? Cewa raina ya bi Baba gida, gangar jikina ta tsaya gadin shinkafa? Ko kuwa daga la'asar ni nake zama dattijo mai furfura a kan keke? Injiniyanku ya ce sai abu da waya sun daɗe tare ko sun motsa tare ake ƙulla su. To ga waya ta motsa, abu bai motsa ba, kullum ta Allah. Ko yaron da ke koyon ɗaure akuya ya san idan igiya ta tafi ta bar akuya, ba a ɗaure take ba. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Taku kyamarar ta hau abin da ya fi rimi, amma abin da Malam Garba ya gani daga zaune ya gagare ta.

Na uku, maganar mutumin da ba a gane ba. A nan kam sai in yi muku godiya ta musamman. Na karanta littattafan soyayya da ban san adadinsu ba, na saurari waɗanda suka fi haka, kuma ban taɓa tsayawa da wani saurayi ko na tsawon gaisuwa ba, don in na hango samari a bakin hanya sai in canza lungu. Sai ga shi kun ba ni wanda ya cika duk sharuɗɗan littafi. Dogo ne. Miskili ne, ba ya magana, ba ya dariya, ba ya kallon kowa. Rana ta dake shi a gefena, ruwa ya dake shi, bai taɓa gajiya ya tafi ba. Da a ce yana da mota da an gama. Aibinsa ɗaya, cikinsa kara ne, kuma Baba Modu ya ce bayan girbi zai karɓe malafar.

Ina dariya ne, amma ku sani a ƙauye magana ba ta mutuwa. Yanzu in na fita ɗebo ruwa sai in ji yara suna cewa ga amaryar gona. Waɗanda suka san mutum-mutumi ne suna tsokana. Waɗanda ba su sani ba, a ƙauyukan da labarin ya isa ba tare da hoto ba, abin da suka ji shi ne kwamfuta ta kama 'yar gidan wane tana yini da wani a cikin shinkafa. Gwaggona ta aiko daga Jahun tana tambaya ko gaskiya ne. Wace na'ura ce za ta bi su gida-gida ta ce ta yi kuskure?

Na huɗu, kuma a nan nake son ku gyara zama. Makarantarmu ta hana shiga da waya, wadda aka kama da ita sai an kira iyayenta. To ta yaya na'urarku take ganin sauran 'yan kwale-kwale a makaranta? Bari in faɗa muku, tunda ba ku taɓa tambaya ba. Akwai wata baiwar Allah mai suyar awara a bakin ƙofa. Da safe kowa ta jefa wayarta a bokitinta mai murfi, a tashi ta ɗauka. Wannan bokitin shi ne ɗalibin da kuke alfahari da shi. Bai taɓa makara ba, bai taɓa fashi ba, bai taɓa fita kafin a tashi ba. Akwai ma wadda, ba zan faɗi suna ba don ni ba na'ura ba ce, tana gida tana jinyar kakarta tun tsakiyar damina, wayarta kuwa kullum tana haye kogi a jakar ƙawarta tana shiga bokiti. A wajenku ita ce gwarzuwa. Ni da malamai ke gani a kujerar gaba, ni ce 'yar gona. Ashe ba 'yan mata kuke kai wa makaranta ba, wayoyi kuke kaiwa. Da mun san haka da mun huta, mu riƙa tura su su kaɗai, su zana jarrabawa su kawo mana sakamako.

Na biyar. Wannan ba ta dariya ba ce. Akwai ranar da aka yi ruwa da iska mai ƙarfi, ruwan kogi ya ƙaru har ya shiga gefen gonaki, Baba ya fake a bukkar Baba Modu bai samu ya ciro wayar ba sai da ruwan sama ya ɗauke. Da ya kawo ta, na ga saƙonninku a jere: Falmata, ruwa na tasowa, ki bar inda kike. Falmata, ki hau tudu. Falmata, har yanzu kina cikin haɗari. Na zauna ina karantawa, har na ji wani iri, don ba a taɓa kiran sunana a jere haka da damuwa ba. Sai daga baya na yi tunani. A wannan ranar, a sanin na'urarku, kuma a saninku tunda kun ce ba ta ƙarya, akwai yarinya a tsaye cikin kwari, ruwa na hawa, an gargaɗe ta ba ta motsa ba. Wa kuka turo? Wa ya kira Babana? Wa ya kira mai unguwa? Kwale-kwalenku yana ɗaure a bakin ruwa, tafiyar da ke tsakaninsa da gonarmu ba ta kai a dafa shayi ba. Babu wanda ya zo.

To ɗayan biyu ne, ranka ya daɗe. Ko dai kun san ba mutum ba ne, shi ya sa ba ku motsa ba, ke nan kun san ba ni ba ce kuka cire ni. Ko kuwa kun yarda ni ce, kuka bar ni ga ruwa, sannan da na tsira kuka karɓe rigar cetona. Ku zaɓi wadda ta fi muku daɗin ji. Ni duk wadda na juya sai in ji ba ta haɗiyuwa.

Na shida. Tun ranar da ya dawo daga ofishinku Baba ya cire wayar daga gona, ya ce ba zai ƙara jawo mini ba. Yanzu shi ne ke tsayuwar da kuka ce ina yi. Tun asuba yake fita, yana ihu yana jan igiya, har muryarsa ta dishe, sallama ma da hannu yake amsawa. Jan-baki sun gane matar nan mai tsawa ta tafi, sun dawo da 'yan uwansu. Wayar tana kan taga a ɗakin Inna. Ni ma ina ɗakin. Jirgin fito na 'yan kasuwa ne, ana loda masa babura da awaki da buhuna har bakinsa ya sha ruwa, Inna ta rantse ba zan riƙa shigarsa kullum ba rigar ceto, kuma ban ga laifinta ba, kowa a nan ya san gidan da aka yi zaman makoki saboda irinsa. Saboda haka ina taya ku murna: yau na'urarku ta yi gaskiya. Falmata ba ta zuwa makaranta. Ta faɗa tun ba haka ba ne, ku kuma kuka tashi tsaye sai da kuka mayar da maganarta gaskiya.

Kafin ƙarshen zangon nan za a yi jarrabawar share fage, wadda sai an ci ta ake sa mutum cikin masu zana ta ƙarshe. Ruwan kwarinmu ba zai janye ba sai an gama ta. Idan ban zauna ba, shekara ta tafi, kuma na san yadda shekara ɗaya take zama shike nan, a gidanmu na gani. Ina son in karanci aikin jinya. Ina kuma son wata rana in rubuta nawa littafin, wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da na faɗa wa duniya. Duka biyun ta cikin kwale-kwalenku hanyarsu ta bi.

Ga abin da nake roƙo, cikin ladabi.

Ku mayar mini da gurbina kafin jarrabawar. Amma don Allah kada ku cire yarinyar da aka ba rigata. Ba ita ta yi hoton ba, kuma na ga fuskarta ranar da ta ɗaura. Mu 'yan aji shida ba mu da ƙiba, za mu matsa.

Ku turo mutum, mai ƙafa da ido, ya zo gonarmu ya gaisa da Falmatar da kuka sani. Baba Modu ya ce zai shimfiɗa masa tabarma. In ya gama ya wuce makaranta ya tambayi malamanmu, ya kuma leƙa bokitin mai awara ya ga sauran ɗalibanku.

Antin da ta karanta maganar mutumin da ba a gane ba a gaban jama'a, ku ba ta wata takardar ta karanta a daidai wurin, da irin muryar, ranar da mutane suka fi yawa a bakin ruwa. Ba na jin haushinta, aike ta aka yi. A sake aikenta.

Ku bar na'urar ta yi aikin da aka ce mana za ta yi, na gargaɗin ruwa, don masunta sun ce tana amfani kuma na yarda. Amma ku koya mata, ko ku koya wa kanku, cewa a nan waya ɗaya takan kwana hannun uwa, ta yini aljihun uba, ta je kasuwa da ƙani, ta tafi caji gari na gaba a jakar wani. Kafin ku hukunta mutum saboda inda wayarsa take, ku kira shi ku ji. In irina ce mai kashe waya, ku kira Babanta.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa albarka a aikinku, ya raya muku zuri'a su yi karatu babu abin da ya tare musu hanya. Allah ya tsare ku daga ranar da wata kyamara za ta ga hularku a rataye a gida ta rubuta cewa ba ku je aiki ba, in kuwa ta zo, Allah ya haɗa ku da mai saurare.

Sai sanarwa ɗaya, don kada ku firgita. Abin da tsuntsaye suka rage na shinkafarmu ya kusa yanka. In an gama, al'adarmu a nan a tuge mutum-mutumi, a tara karansa da sauran tattaka a cinna wuta. Don haka nan ba da jimawa ba kyamararku za ta nuna muku an tuɓe wa Falmata hijabi, an kayar da ita, an ƙona ta ƙurmus a tsakiyar gona, mahaifinta na tsaye yana gyara wutar da sanda. Kada ku wahalar da kanku da zuwa ta'aziyya. Ina nan da raina, na wanke kayan makarantata na goge, kullum da safe ina bakin ruwa a gefen da Malam Garba ke tsayawa. Kwale-kwale za ku turo.

Wassalam, na bar ku lafiya.

Taku cikin girmamawa,
Falmata, 'yar aji shida, daga hayin kogi.